Kalma Ɗaya a Takardar Jikar Hajja

A shekarata ta biyu a Jidda na san Hajja. Lokacin ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata da ke unguwar Aziziyya, maigidana kuma yana aikin ba da magani a wani asibiti. Kwantiraginsa ne ya kawo mu daga Kaduna. Wata Asabar na shiga kasuwar Bab Makka neman yadin labule, ina ta fama da mai shago da ɗan guntun Larabcina, sai na ji an ce daga bayana, "Kada ki saya a haka, 'yata. Ya ga baƙuwa ne." Da na juya sai na ga wata doguwar tsohuwa ta naɗa mayafin nan mai tsawo irin na matan Sudan. Hausarta tsaf, sai dai akwai wata lanƙwasa a cikinta da ban taɓa ji ba. Ita ta ƙarasa mini cinikin, ta kuma kwatanta mini gidanta a unguwar Ruwais.

A Sudan aka haife ta, a wani ƙauye na bakin kogi. Kakanninta sun baro ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin hajji, suka tsaya noma a hanya don su sami guzuri, zaman ya zarce. Ita kuma ta zo Jidda tana amarya, mijinta tela ne, ya rasu tun kafin mu haɗu. Sana'arta haɗa yaji. Masu tsire na unguwanni uku ko huɗu daga wurinta suke ɗauka, don mutanen Jidda suna son tsire ƙwarai, su suna ce masa siriyya. Gidan nata tsoho ne, ɗaki uku da ɗan tsakar gida, ƙanshin soyayyen ƙuli ya kama bangon har abada. Na saba zuwa duk Juma'a bayan la'asar. Ina ce mata Hajja, ita kuma tana ce mini Abla, yadda ake kiran malamai mata a can.

Tare take zaune da ɗanta, direban wani kamfani wanda ba kasafai yake wuni a gida ba, da jikarta wadda uwarta ta rasu tana ƙarama. Jikar nan a Jidda aka haife ta, shekarunta ashirin da 'yan kai a lokacin. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta amsa sai ta fara da Hausa ta ƙare da Larabci. Tana kiran kakarta Habboba, kamar yadda mutanen Sudan ke yi. Ta yi karatun girki, sannan ta yi wata shida tana koyon aiki a kicin ɗin wani otal na bakin teku.

Wata Juma'a na iso na tarar gidan shiru. Hajja na zaune a kan darduma, ba ta ko kunna garwashin shayi ba. Jikar tana jingine da ƙofar ɗaki, idonta ya yi ja. Muka gaisa, sai Hajja ta zaro wata takarda daga ƙarƙashin matashi ta miƙo mini.

"Abla, ke ce malamar Turanci. Karanta mini wannan, ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah."

Takardar shaida ce da shugaban kicin ɗin otal ɗin ya rubuta wa yarinyar da ta gama. Daga baya na ji cewa dattijo ne daga kudancin Indiya, kuma Turancinsa ya nuna haka, irin na tsofaffin littattafai ne. Ya ce tana zuwa a kan lokaci, tana da tsabta, ba ta raina gyara. Sai a layi na ƙarshe ya ce tana sarrafa kayan ƙanshi da na yaji venturesomely. An ja layi a ƙarƙashin kalmar da biro.

"Yabo ne duka, Hajja," na ce.

"Har da wadda aka ja wa layi? Ita da bakinta ta ce mini caca ake nufi."

"Habboba, ban ce caca ba!" in ji jikar. "Wallahi ma gult kida, ban faɗi haka ba. Waya na tambaya, ta ba ni mughamara."

Sai a nan na fahimci inda aka sami saɓani. A Larabci mughamara ita ce kutsa kai cikin abin da ba a san ƙarshensa ba, muƙamara kuma caca. Harafi ɗaya ya raba su. Mutanen Sudan kuwa sau da yawa sukan furta waɗannan haruffan biyu iri ɗaya in sun zo a kalmomin littafi, don haka a kunnen Hajja babu wani bambanci. Na yi mata wannan bayanin. Ta saurara, amma fuskarta ba ta saki ba.

"To na ji, ba caca ba ce. Mece ce? Faɗa mini da Hausa."

Na buɗe baki zan ce kasada, sai na tsaya. In na ce kasada, za ta ji ganganci. Gaskiyar magana kuma ban taɓa cin karo da wannan kalmar a wannan siffar ba. Na san 'yan uwanta, na san wajen da ta dosa, amma ban iya rantsuwa a kan ko mutumin yabo tsantsa yake yi ko da ɗan jan kunne a ciki ba. Na gaya mata haka.

"Malamar Turanci ba ta san Turanci ba?" Karon farko ke nan da ta yi murmushi a ranar.

"Ki ba ni zuwa Juma'a mai zuwa, Hajja. Zan bi ta har gidan ubanta."

Ina da wani ƙamus da na taho da shi tun na jami'a a Zariya, bangonsa ya rabu na ɗaure shi da salatif. Layi ɗaya ya ba kalmar, ya ce a duba wata. A ɗakin karatu na makarantarmu akwai babba mai kawo asalin kalmomi, wanda ban taɓa ganin kowa ya sauko da shi daga kanta ba. Kwana uku ina zuwa lokacin hutun tara, ina kwafe abin da na samu a bayan takardar darasi. Mai kula da ɗakin, wata 'yar Masar, har ta tambaye ni ko jarrabawa zan rubuta. Maigidana ya ce ai da na duba waya minti biyu ya isa. Na duba wayar ma, amma na fi yarda da abin da na bi da yatsana.

Ga abin da na samo. Tushen kalmar daga Latin ne, harshen Rumawan da. Suna da aikatau mai nufin zuwa ko isowa, daga gare shi suka fitar da adventura, wato abin da ke tafe, abin da zai iso. Ta shiga tsohon Faransanci ta zama aventure, tana nufin duk abin da ya faɗo wa mutum ba tare da ya shirya ba, mai daɗi ko marar daɗi. A haka Ingilishi suka karɓe ta. Da tafiya ta yi tafiya sai ma'anar ta karkata wajen haɗari, daga nan ta koma shiga haɗarin da gangan don neman wani abu. A bakin mutane kuma wasalin farko ya faɗi, aka bar venture. Fatake masu tura kaya a jirgin ruwa sun riƙe wannan guntuwar sosai, don in jirgi ya bar gaɓa da kayanka, ba ka san ko zai isa ba. Sauran guntaye biyu na ƙarshen kalmar liƙa su aka yi daga baya. Na farko yana nuna mai halin abu. Na biyu, wanda ke nuna yadda aka aikata aiki, ya samo asali ne daga wata tsohuwar kalmarsu mai nufin jiki ko siffa.

Na daɗe zaune da takardar a hannuna bayan an kaɗa ƙararrawa. Shekara goma sha wani abu ina koya wa yara kalmomin wannan dangi, kullum ina nuna musu mutum mai fita neman abu, mai hawa dutse ko ratsa daji. Ban taɓa sanin cewa da farko mutumin a zaune yake, abin ne ke zuwa ya same shi ba. Na tuna ranar da maigidana ya shigo da takardar aikin Jidda, ina tankaɗen garin tuwo. Ban nemi tafiyar ba, ban ma so ta ba da farko. Amma duk wanda ya zo yi mana sallama sai ya ce lallai ina da ƙarfin hali.

Ranar Juma'a na tarar an kunna garwashi, har da gyaɗa a faranti. Jikar ta zauna a bakin tabarma tana wasa da zoben hannunta. Na fara daga Rumawa. Ina tsoron kada Hajja ta gaji, sai na ga ta gyara zama. Da na zo wurin faɗuwar wasalin farko ta dakatar da ni.

"Ta yaya kalma za ta yar da kanta ta ci gaba da tafiya?"

"Mu ma muna yi, Hajja. Yaya Larabawa ke cewa labari?"

"Alkhabar."

"Lafiya fa?"

"Al'afiya." Leɓenta na motsi, sai ta kawo nata misalin. "Lokaci, alwaƙt. La ilaha illallahu. Shekara nawa ina magana da harsunan nan biyu, ban taɓa lura mun yanke musu kai ba."

Ta juya wajen jikar ta maimaita mata da Larabci, kamar ita ta gano abin. Batun guntun da ke nufin jiki kuwa dariya ya ba ta, ta ce Turawa ba su da aikin yi. Amma da na zo kan fatake da jiragen ruwa sai ta ajiye kofin shayinta.

"Wannan na san shi," ta ce. "A jirgin ruwa na zo garin nan daga Bur Sudan. Ina da akwatin ƙarfe ɗaya da turmi. Kowa ya ce in bar turmin, na ƙi. Muna tsakiyar ruwa iska ta taso, mata suna ta salati, ni kuwa na rungume turmina ina amai. Wata tsohuwa 'yar Barno ta riƙe mini kai har gari ya waye. Ban san sunanta ba, ban sake ganinta ba. Da muka sauka, mijina ya zo tarba ta, ban gane shi ba, don sau biyu kawai na taɓa ganinsa, kuma ya yi aski." Ta girgiza kai. "Babu wanda ya rubuta mini takarda ya ce na yi wani abu. An ce tashi ki tafi, na tashi."

Sai na juya wajen jikar na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun makon jiya: me ta yi a kicin ɗin har mutumin ya zaɓi wannan kalmar?

Ta kalli kakarta, ta kalli ƙasa. Da Hausa ta fara. Ta ce wata rana an bar musu su masu koyo su dafa abincin ma'aikata, kowa ya yi abin da ya ga dama. Akwai ragowar kifin najil, jan kifin nan na tekun Jidda mai tsada, wanda a otal ɗin ba a sa masa komai sai man shanu da lemon tsami. Ita kuwa ta shafe nata da yajin tsire, ta gasa, ta yi masa romon tsamiya. Abokan aikinta suka ce ta lalata kifi. Shugaban ya zo ya ɗanɗana, ya sake ɗanɗanawa, ya tambaye ta mene ne a ciki. Bayan mako biyu ya sa ta sake yi wa wasu baƙi.

"Wane yaji?" in ji Hajja.

"Naki, Habboba."

"Wanda na ce miki ya ragu a kwalba, kika ce ba ki sani ba?"

"Shwayya bas, ɗan kaɗan na ɗiba."

Hajja ta kama baki. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Yajin nama a kan kifi. Kin rage citta kuwa? Kifi ba ya son citta da yawa." Yarinyar ta ce ta ƙara tsamiya ne don ta kashe ta. Suka shiga gardamar citta da kanumfari, rabi Hausa rabi Larabci, har suka manta da ni.

Da yarinyar ta tashi kai kofuna, Hajja ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Abla, na san ba ta caca. Ni na raine ta. Abin da ba ta gaya miki ba shi ne, da wannan takardar ta nemi aiki a wani sabon otal can arewa, a bakin teku, tafiyar awa shida ko fi a mota. Sun ce ta zo. A gidan ma'aikata za ta zauna. Ni abin da nake so in sani, mutumin nan da ya gan ta wata shida a wurin da ba na nan, me ya gani? Yarinya mai hankali ya gani, ko mai rawar kai?"

Na ce mata iyakar abin da zan iya tsayawa a kai. Kalmar tana iya ɗaukar ganganci in an sa ta a wani wurin, amma a nan ta biyo bayan tsabta da kiyaye lokaci da karɓar gyara. Wanda ke son ya ce yarinya tana da rawar kai ba zai jera waɗannan a gaba ba. A fahimtata cewa yake yi ta san ƙa'ida, kuma ba ta tsoron gwada abin da ba a saba ba.

"Da Hausa fa? Har yanzu ba ki ba ni ba."

"Ban sami guda ɗaya ba, Hajja. Tsakanin ƙarfin hali ne da kasada."

"To," ta ce. "Halas, shi ke nan. Zan yi magana da ubanta."

Maganar ta ɗauki kusan wata guda. Uban ya ce duk abin da Hajja ta yanke shi ke nan, Hajja ta ce ai shi ne uba. A ƙarshe suka amince ta je ta gwada wata shida. Hajja ta sa aka ɗinka mata zannuwan gado, ni na kai mata ƙaramar tukunyar lantarki. Sai dai tafiyar ba ta yiwu ba. Iƙamar yarinyar, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, tana ƙarƙashin ta ubanta, mayar da ita hannun sabon kafili, wato otal ɗin da zai tsaya mata, ya ja lokaci, yau a ce saura sa hannu, gobe a ce a dawo. Otal ɗin suka gaji da jira suka ɗauki wata. Ranar da saƙon ya zo ina gidan. Yarinyar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na saci kallon Hajja ina tsammanin zan ga sauƙi a fuskarta, tunda dama ba ta so rabuwar ba. Ban gani ba. Ranta ya ɓaci sosai, ta yi ta faɗa ita kaɗai a tsakar gida, tana cewa an sa yarinya ta haɗa kaya a banza.

Wata biyar jikar ta yi a gida. Tana taya kakarta suyar ƙuli da ɗaurin yaji, ta rame kaɗan, ba ta yawan magana. Takardun suka kammala a lokacin da babu mai jiransu. Daga baya wani gidan abinci a arewacin Jidda, na wata mata da 'yan uwanta, suka neme ta. Ba babba ba ne, tebur goma sha biyu ne, amma sun ba ta ɓangaren gashi gaba ɗaya, kuma tana kwana a gida.

Bayan jikar ta yi wata biyu a can, Hajja ta kira ni a waya ta ce tana so in raka ta gidan abincin. Maigidana ya kai mu da yamma, ya ce zai jira mu a masallacin kusa. Hajja ta sa sabon mayafi ruwan toka, ta shafa turare. A mota ta gaya mini cewa tun da ta zo garin nan ba ta taɓa zama a gidan abinci an kawo mata a tebur ba. Da aka miƙo mata takardar jerin abinci ta riƙe ta kamar za ta karanta, sannan ta tura mini. Kifin yana ciki, layi na huɗu. Shi muka ce a kawo.

Ta ci a hankali, da hannu, ba ta taɓa cokali mai yatsu ba. Ba ta ce ya yi daɗi ba, ba ta ce bai yi ba. Ta cinye gefe ɗaya, ta sa aka naɗe mata sauran don maƙwabciyarta. Sai ta ce wa mai kawo abincin tana son ganin kicin. Ya ce ba a shiga. Ta ce ya je ya gaya wa mai gidan cewa kakar mai gashi ce. Matar ta fito da kanta, ta sumbaci kan Hajja, ta ba mu hulunan leda muka ɗora a kan mayafanmu.

Muka tsaya daga bakin ƙofa. Zafi da ƙara sun cika wurin. Jikar tana gaban wuta da farar riga, ta juya mana baya, tana juya kifi uku a lokaci ɗaya tana ba wani ma'aikaci umarni da Larabci, da wata murya mai ƙarfi da ban taɓa jin ta da ita a gida ba. Mai gidan ta ɗaga hannu za ta kira ta, Hajja ta riƙe mata hannu. Mun yi kamar minti biyar a haka. Sannan Hajja ta cire hular ledar, ta ninke ta, ta miƙa wa matar.

"Yalla, Abla," ta ce. "Mu tafi kada mu hana ta aiki. An kusa kiran magariba."